Wata Ma Faɗowa Yake Yi

Da muka bar babbar hanyar A1 muka kama wata 'yar siririyar hanya mai shingen ganye dama da hagu, sai ɗan wana ya rage gudu ya ce, "Baffa, ga mu fa mun iso." Na leƙa ta gilashin mota ina neman doguwar ƙofa ko wani katafaren gini irin waɗanda na baro a Landan. Abin da ke gabanmu gidan manomi ne na farin dutse, mai bene, da ɗakunan hatsi da na dabbobi a gefe, sai ciyawa shar har iyakar ganin ido. Sunan ƙauyen Woolsthorpe, a yankin Lincolnshire, 'yar tafiya kaɗan kudu da garin Grantham. Ƙarshen Satumba ne, rana ta fito amma ba ta cizo, iskar kuma mai ɗan sanyi ce irin ta farkon hunturu a wajenmu.

Yaron yana karatun injiniya a Nottingham, ni kuwa duba shi na je yi. Da ya tambaye ni inda zai kai ni ranar Asabar, na ce masa gidan da aka haifi Isaac Newton nake son gani. Dalilin ya daɗe a raina. Muna aji ɗaya a sakandare malamin kimiyya ya zana mana bishiya a allo, da ɗan ƙwallo yana faɗowa daga reshe, da kibiya mai nuni ƙasa, ya ce wannan shi ne maganaɗisun ƙasa. Babu ɗayanmu da ya taɓa ganin bishiyar tuffa, ni dai mangwaron bayan ajinmu na sa a zuciya. Na rubuta kalmar, na ci jarrabawa da ita, na kuma yi shekara da shekaru ina jin ta a rediyo duk sa'ad da ake labarin 'yan sama jannati. Amma ba ta taɓa kwanta mini ba. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa. Ina ruwansa da mangwaro?

Ɗakunan gidan ƙanana ne, rufinsu a kusa da kai. A ɗaya daga cikinsu aka haifi Newton ranar Kirsimeti ta 1642, bisa tsohon lissafin kwanan wata na Ingila, wata 3 bayan rasuwar mahaifinsa. Bai cika watanninsa ba, ya zo ɗan mitsitsi, har ba a sa ran zai rayu ba. Yana shekara 3 mahaifiyarsa Hannah ta auri limamin cocin wani ƙauye na kusa, ta tare can, ta bar shi hannun kakarsa. Da ya tasa aka sa shi makaranta a Grantham, daga baya uwar ta ciro shi don ya riƙe gona da tumaki. Noma bai karɓe shi ba. Hankalinsa na kan littafi, dabbobi na cikin gonar maƙwabta, har tara sai da aka ci shi a kan haka. Shugaban makarantarsa da kawunsa suka sa baki aka mai da shi karatu, a 1661 ya shiga Kwalejin Trinity a Cambridge.

Wata dattijuwa mai furfura, cikin masu aikin sa kai na ƙungiyar National Trust da ke kula da gidan, ita ta zagaya da mu. Ta nuna mana wasu zane-zane da aka karta a jikin bango, da ƙyar ido ke kama su, waɗanda ake kyautata zaton na yaron ne. Yadda take maganarsa sai ka ce jikanta ne. Ba a biyanta ko kwabo, ta ce tana zuwa ne don tana son wurin.

A 1665 annoba ta faɗa wa Landan, ta kwashe mutum kimanin 100,000. Jami'ar Cambridge ta rufe, ɗalibai suka watse, Newton ya dawo gidan uwarsa yana ɗan shekara 22, ya yi kusan shekara 2 a nan. Duk wanda ya ga kullen korona na 2020 zai gane irin zaman. A wannan zaman ne ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya nuna cewa farin haske haɗakar launukan bakan gizo ne, ya kuma aza harsashin lissafin da ake kira kalkulas. Dattijuwar ta ja ni zuwa tagar ɗakin bene, ta nuna waje da yatsa. Ga bishiyar can a cikin lambu.

Ba wani tsayi gare ta ba. Gindinta kwance yake a ƙasa, sannan ya lanƙwasa ya tashi sama kamar wuyan raƙumi. Wajen 1820 guguwa ta kayar da ita, mutane suka yi ta yankar katakonta suna ajiyewa don tarihi, sai sauran jikin da ya taɓa ƙasa ya yi saiwa ya sake tofo. Yanzu ta haura shekara 350. An kewaye ta da ɗan gajeren shinge na saƙaƙƙun tsumagu don kada masu ziyara su tattake saiwoyinta. Irin tuffar ana ce masa Flower of Kent, manyan 'ya'ya masu tsami, na dafawa. Mun tarar da ita da 'ya'ya, wasu sun zubo cikin ciyawa, ɗaya ta fashe a gefe zanzaro na kanta.

Labarin tuffar daga bakin Newton kansa ya fito. A 1726, yana tsoho mai shekara 83, suna shan shayi a lambu da abokinsa William Stukeley, ya ba shi labarin ranar da ya ga tuffa ta faɗo yana zaune yana tunani, Stukeley kuwa ya rubuta. Babu inda aka ce a ka ta buge shi, wannan ƙari ne na 'yan baya. Abin da ya tambayi kansa shi ne me ya sa kullum miƙe take sauka, ba ta yin gefe, ba ta yin sama, sai dai ta nufi tsakiyar duniya. Ya ce lalle akwai ƙarfin ja a cikin kowane abu mai jiki, gwargwadon yawan abin da ke cikinsa. In kuwa haka ne, yadda ƙasa ke jan tuffa haka tuffa ke jan ƙasa.

Faɗuwar abu ba baƙuwa ba ce ga kowa. Mai jan guga ya san ta a kafaɗunsa, magini ya san ta duk sa'ad da ya saki igiya mai nauyi a baki don ya ga ko bango ya miƙe. Sabon abin da saurayin nan ya kawo tambaya ce guda: ina iyakar wannan ja? Ya kai kan bishiya, ya kai ƙwanƙolin dutse, ba a ga ya yanke ba. To ko ya kai har wata?

Muka zauna a kan benci muna fuskantar bishiyar. Ɗan wana ya ce, "Baffa, ara mini bironka." Ya juya bayan tikitin shiga ya fara rubutu. Duk abin da aka saki a doron ƙasa, in ji shi, a sakan na farko yakan faɗi mita 4.9. Wata yana da nisan kilomita wajen 384,000, wato ninki 60 na nisan da ke tsakanin tafin ƙafarmu da tsakiyar duniya. Shi kuwa jan raguwa yake da nisa, kuma raguwar ta ninkin nisan ce sau kansa: in nisa ya ninka biyu, ja ya koma kashi ɗaya cikin 4, in ya ninka uku, ɗaya cikin 9. A wajen wata ke nan 60 sau 60, ɗaya cikin 3,600. Ya raba mita 4.9 gida 3,600, ya ja layi a ƙarƙashin amsar, ya miƙo mini. Milimita 1.4, da ƙyar ma.

"Bai kai ƙwayar gero ba," na ce.

"Bai kai ba, Baffa. Kuma in ka ɗauki zagayen da wata ke yi wa duniya a kwana 27 da 'yan awoyi, ka lissafa yadda yake karkacewa daga miƙaƙƙiyar hanya a kowane sakan, wannan adadin za ka samu."

Na daɗe ina duban takardar. Lissafi biyu ne da ba su haɗa hanya ba, ɗaya daga gindin bishiya, ɗaya daga sama, suka zo suka tsaya a kan lamba ɗaya. Watan da muke fita dubansa da magariba don azumi da salla, ashe faɗowa yake yi tun da aka halicce shi.

"To me ya hana shi isowa?"

"Gudu, Baffa. Yana tafiya gefe, kilomita 1 a kowane sakan. Kafin ya faɗo wannan ɗan kaɗan ya riga ya yi gaba, ita kuma duniya zagayayyiya ce, sai ta kauce daga ƙarƙashinsa. Kun yi majajjawa kuna yara?"

Mun yi mana, da ita muke korar tsuntsaye a gonar dawa. Dutse na son ya miƙe ya tafi, igiya na jansa zuwa hannu, sai ya yi ta kewaya. Ka saki bakin igiya ɗaya, ya tafi ke nan. Yaron ya ce haka ma 'yan sama jannatin da muke gani suna shawagi a tasharsu ta sararin samaniya. Tashar tana sama da mu da kilomita wajen 400 kacal, inda jan duniya yake da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Su da tashar tare suke faɗowa, suna gudun kilomita kusan 28,000 a awa, suna kewaye duniya a minti 90 da ɗan wani abu. Shi ya sa babu abin da ke danna ƙafarsu a daɓe.

A 1666 lissafin Newton kusa kawai ya kai, sai ya ajiye shi ya kama wasu abubuwa. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Robert Hooke ma ya hango batun raguwar ja da nisa, kuma sun yi ta jayayya a kan wa ya riga wa. A 1684 Edmond Halley ya je Cambridge ya tambaye shi siffar hanyar da duniyoyi za su bi in dokar gaskiya ce, ya tarar ya riga ya warware. Halley ya matsa masa ya rubuta, ya kuma biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, littafin Principia ya fito a 1687. Da wannan doka Halley ya ce wata tauraruwa mai wutsiya za ta dawo wajen 1758, ta kuwa dawo, shekara 16 bayan mutuwarsa. Da ita Le Verrier na Faransa ya lissafa inda wata duniya da ba a taɓa sani ba take ɓoye, a 1846 aka saita madubin hangen nesa a Berlin aka ga Neptune kusan daidai inda ya nuna.

Sai na dawo da tambayata ta aji ɗaya. Ɗan wana bai amsa da baki ba. Ya ciro ɗan maganaɗisun manna wa firiji da ya saya a shagon gidan, ya zare zoben ƙarfe daga makullansa ya ajiye a kan benci, ya kawo maganaɗisun sama da shi. Zoben ya yi tsalle ya manne, ƙyas.

"Baffa, duniya gaba ɗayanta, da duwatsunta da tekunanta, tana jan zoben nan ƙasa. Wannan ɗan abin da bai fi kwabo ba yana jansa sama. Wa ya ci?"

Ban taɓa tunanin jan ƙasa a matsayin abu mai rauni ba, ni da na ga yadda yake rusa katanga da damina. Amma ga shi a idona. Cikin ƙarfafan da masana suka sani a halitta, shi ne mafi rauni, nesa ba kusa ba. Ni da yaron da muke zaune kafaɗa da kafaɗa muna jan juna, sai dai jan bai wuce nauyin 'yar ƙwayar yashi ba. To ta yaya mai rauni haka ya riƙe wata, ya riƙe duniya a kewayen rana? Amsar ita ce ta fi burge ni a duk yinin. Maganaɗisu baki biyu gare shi, wani ya ja, wani ya ture. Lantarki ma iri biyu ne, in sun haɗu sai su kashe juna, shi ya sa dutse komai girmansa ba ya fizgar ka da lantarki. Shi kuwa wannan ja ba shi da kishiya. Ba ya turewa, ba a kuma san wani bango ko bargo da ke tare shi ba. Kowace ƙwayar ƙasa tana ba da nata ɗan kaɗan, duk a fuska ɗaya, ba mai ragewa. Da yayyafi kogi kan cika. Haka ya taru har ya dunƙule duniya ta zama ƙwallo, ya riƙe mata iska da ruwa, haka kuma jan wata da na rana ke sa teku ta cika ta janye sau biyu a yini, a Legas kamar a gaɓar Ingila.

Ba ya kuma zaɓe. Itace, ruwa, auduga, mutum, duk nasa ne, kuma in ba iska ta shiga tsakani ba, gudu ɗaya suke faɗuwa. Galileo ya riga Newton gane wannan. A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci ɗaya, suka dira tare. Duniya tana da maganaɗisunta na gaske, shi ne ke juya allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da shi, amma ba shi ke kayar da mangwaro ba. A ganina lokaci ya yi da malamanmu da gidajen rediyonmu za su saki waccan kalma. "Ƙarfin jan ƙasa" ya fi ta gaskiya, ko da yake shi ma ya rage wani abu, tunda ba ƙasa kaɗai ke ja ba. Ni dai tun daga ranar "jan juna" nake ce masa.

Wanda ya fara kama wannan ja a cikin ɗaki shi ne Henry Cavendish, a Landan, a 1798. Ya rataye sanda mai tsawon ƙafa 6 da siririyar waya, da ƙananan ƙwallayen dalma biyu a bakunanta, sannan ya matso da manyan ƙwallayen dalma biyu, kowanne kilo 158, kusa da su. Don kada ɗumin jikinsa ya motsa iskar ɗakin, sai ya rufe ɗakin ya koma waje yana leƙe da madubin hangen nesa. Sandar ta juya, kaɗan ƙwarai, dalma ta ja dalma. Daga wannan ɗan juyi ya gano cewa duniya ta fi ruwa mai girmanta nauyi sau 5 da rabi, kuma awon zamani bai yi nisa da nasa ba. Irin wannan haƙuri yana ba ni sha'awa fiye da yadda zan iya faɗa.

Akwai ma abin da ya shafi aljihu. Duniya ta ɗan kumbura a tsakiya, tana kuma juyawa, saboda haka ja ya fi sauƙi a ƙasashenmu na kusa da tsakiyarta. A 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogo mai lilo Cayenne a Kudancin Amurka, ya ga yana lattin minti 2 da rabi kullum, Newton kuwa ya yi bayanin dalili. Ɗan wana ya ce in aka auna buhu mai kilo 100 a Dawanau da sikeli mai sifirin, aka kawo buhun da sikelin nan lambun, allura za ta ƙara wajen giram 300, alhali ko ƙwaya ba a ƙara ba.

Abin da ya ƙara mini ganin girman mai gidan nan shi ne inda ya tsaya. Ya faɗi yadda jan ke aiki, ya auna shi, amma da aka tambaye shi mene ne sanadinsa, ta yaya rana ke kama duniya ba igiya ba sanda, sai ya ce bai gano ba, kuma ba zai ƙirƙiro amsa ba. Mutum ne mai imani da Mahalicci, yana ganin tsarin sammai shaida ce ta ikonsa, amma bai fake da wannan ya rufe tambayar ba, ya bar ta a buɗe ga na baya. Sai a 1915 Albert Einstein ya zo da bayanin cewa abu mai nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi a kewayensa, abin da ke wucewa kuma ya bi lanƙwasar, har haske ma. Gwajin da ya fara gaskata shi a maƙwabtanmu aka yi rabinsa: ranar 29 ga Mayu 1919 Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Principe, a tekun da ke kudu da Najeriya, wata tawagar kuma ta ɗauka a Sobral ta Brazil, aka ga hasken taurari ya karkata da ya gifta kusa da rana. Duk da haka, lissafin Newton ne har yau injiniyoyi ke aiki da shi a yawancin ayyukansu.

Kafin mu tashi na tsaya ina kallon masu shigowa. Wani uba ya ɗora 'yarsa a wuya yana nuna mata reshe. Wasu yara suka fito daga tsohon ɗakin hatsi, wanda aka mayar wurin gwaje-gwajen kimiyya, suna gardama da ƙarfi. Mutanen nan ba su rushe gidan manomi sun gina dogon bene da sunan girmamawa ba. Sun bar shi yadda yake, suna gyaran rufinsa, suna yi wa tsohuwar bishiya aski a kan kari. Sun yanki rassanta sun yi musu aure da wasu gindaye, kamar yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro, 'ya'yanta suna tsaye yau a ƙofar Kwalejin Trinity da jami'o'i da dama a duniya. A 2015 ɗan sama jannatinsu Tim Peake ya tafi tashar sararin samaniya, aka aika da ƙwayayen tuffar nan can, suka yi watanni suna faɗowa a kewayen duniya, aka dawo da su aka shuka, suka tsiro. Na tuna rijiyoyi da kukoki da zaurukan malamai na garinmu da na sani ina yaro, waɗanda yau ko alamarsu babu, sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

A hanyar komawa magariba ta riske mu, muka ratse a wani wurin hutawar matafiya muka shimfiɗa darduma a gefen ciyawa. Da muka sallame na ɗaga kai, ga wata ya fito fes a saman itatuwa.

"Baffa, sanyi zai kama ka, mu shiga mota."

Na ce ya ba ni minti ɗaya, ya duba mini agogo. Ya riga ya gaya mini a kan benci cewa faɗuwa ma da ninkin lokaci sau kansa take ƙaruwa, sakan 60 sau 60, 3,600 ta sake dawowa ke nan. Na tsaya ina dubansa, tikitin na cikin aljihuna, motoci na wucewa a bayanmu. Da yaron ya ce minti ya cika, wata ya faɗo mita 4.9 zuwa inda muke, daidai abin da tuffa ke yi a sakan guda. Na naɗe dardumar muka kama hanyar Nottingham.